Ruwan da Ban Zubar Ba

Ni mace ce da ba na iya ganin tsumma mai datti in wuce. Haka Allah ya yi ni. Da wanki da guga na ciyar da yarana, kuma har yanzu da yatsuna suka fara sanƙarewa, in na ga tabo a farin kaya sai in ji kamar a idona yake. Wannan halin nawa ne ya sa mijina ya daina cin abinci.

Mijina kafinta ne, Kafinta kuma kowa ke ce masa, har ni in raina ya ɓaci. Ɗan Katolika ne tun kaka da kakanni. Ni kuwa a Furotesta aka haife ni, a nan kuma zan mutu in Allah ya yarda. Da muka yi aure kowa ya riƙe cocinsa. Ran Lahadi mu fita tare, in mun kai mahaɗar titi shi ya yi dama, ni in yi hagu. In mun dawo mu zauna a teburin da ya ƙera da hannunsa, sai a fara.

"'Yar tawaye, yau me fastonku ya ƙago muku?"

"Abin da ke rubuce ya karanta mana, ɗan Paparoma. Ku fa? An ba ku izinin buɗe Littafi yau, ko sai an aiko daga sama?"

Sai ya yi ta dariya har shinkafa ta shaƙe shi, in miƙa masa ruwa. Shi cewa yake Coci uwa ce, ita ta tara littattafan ta ce ga na Allah ga wanda ba na Allah ba, don haka ɗa ba ya tashi ya koya wa uwarsa karatu. Ni kuma in ce maganar Allah ta fi kowace uwa, ko Fada ne ko fasto, in ya faɗi abin da babu a ciki, ya riƙe abinsa. Inda muka fi daɗewa shi ne kan gurasar nan ta Jibin Ubangiji. Shi ya kama inda Ubangiji ya ce gurasar jikinsa ce. Ni na kama inda ya ce a riƙa yi don tunawa da shi. Aya ɗaya ce fa, shi yana riƙe da kai, ni ina riƙe da wutsiya, muka yi ta ja har muka yi furfura, ba wanda ya saki.

Littattafanmu Masu Tsarki guda biyu suna kan kanta ɗaya a falo. Nasa ya fi nawa kauri. Yana cewa mu muka zare wasu littattafai, ina cewa su suka yi ƙari. Duk biyun nake gogewa da tsumma ɗaya.

Yaranmu biyu, su ma sun raba kansu. Babban, namiji, da ya girma sai ya biyo ni, ba kuma ni na ja shi ba. Yanzu malami ne a makarantar Littafi Mai Tsarki. Tun yana saurayi ko cewa ka yi ya share tsakar gida sai ya tambaye ka ina aka rubuta, shi ya sa muke ce masa Mai-Aya. Auta kuwa tela ce, 'yar babanta, tana waƙa a cocinsu. In su biyun suka haɗu, abin da ni da ubansu muke yi da dariya, su da jan ido suke yi.

Bara ɓarin jikin Kafinta na dama ya shanye. Magana ta tafi, sai "to" da "a'a" suka rage, su ma da ƙyar. Haɗiya ta zama aiki. Na dawo da gadonsa falo, kusa da tagar da ke kallon bayan gida, don ya riƙa ganin bishiyar lemonsa. Ina ɗora masa ƙaramin farin tawul a ƙirji saboda yawu, ina canzawa safe da rana da yamma.

Fadansu, wani dattijo ne mai rawar hannu, yana zuwa duk mako ya kawo masa abin da suke kira Jikin Kristi, a cikin wani ɗan gwangwani mai sheƙi kamar gidan agogo. Ni nake goge farin ƙyalle in shimfiɗa masa a tebur, ƙyallen da ko ƙuda ya sauka sai ya zame. Daga nan in ba su wuri. Ba na tsayawa, ba na kuma hanawa.

Ran nan Fada ya zo a gaggauce, wai ana jiransa a asibiti. Ya gutsura masa ɗan mitsitsi kamar yadda ya saba, ya yi addu'a, ya tafi. Ina kicin na ji Kafinta yana tari. Da na fito sai na tarar ya dunƙule tawul ɗin a hannunsa na hagu, mai lafiyar, ya manne shi a ƙirji.

"Kawo in canza maka, ya jiƙe."

"A'a."

"Kafinta, kai yaro ne? Kawo."

"A'a."

Na ja, ya ja. Mutumin da ya shekara da shekaru yana riƙe zarto, ko rabinsa ne ya rage ba a ƙwace masa abu. Na ƙyale shi. Na ce a raina ciwo ne ke sa shi rigima. Da rana ta yi barci ya ɗauke shi, na zo na ɓamɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, na zare tawul ɗin, na sa masa wankakke. Har ina yabon kaina.

To ni akwai yadda nake yi da farin kaya. Ba na haɗa shi da komai, ba na kuma sa masa sabulu da fari, don sabulu kan zaunar da tabon magani. A ruwa zalla nake jiƙa shi, a wani farin kwano nawa da ke ƙarƙashin famfon bayan gida, ya kwana, washegari in wanke. Haka na yi wa tawul ɗin. Sannan na wanke sauran kaya, na ɗauki bokiti na sheƙa ruwan kumfa a kwata, daidai ƙarƙashin tagarsa.

Ƙarar ruwan ce ta tashe shi. Ina shigowa na ga ya buɗe tafin hannunsa yana kallo. Ya dubi sabon tawul, ya dubi taga, ya dube ni da bokiti a hannu. Sai ya yi wani sauti da ban taɓa ji a bakinsa ba, ko ranar da mahaifiyarsa ta rasu. Na yar da bokiti na tallabe shi.

"Ina ne ke ciwo? Kai ne? Ƙirji ne?"

Ya juya fuskarsa bango.

Da yamma na kawo romon kaza, ya datse haƙora. Da safe na kawo shayi da burodi jiƙaƙƙe, ya ture cokalin da haɓa. Ko ruwa ya ƙi. Likita kuwa ya ja mini kunne cewa maganinsa ba a shan shi da wofin ciki, kuma ba a tsallake shi, in ba so ake ciwon ya dawo ya ɗauki ɗaya ɓarin ba. Na yi lallashi, na yi faɗa, na yi masa waƙar cocinmu da ya saba tsokanata da ita. Hawaye kawai ke gangarowa ta gefen idonsa zuwa kunne. Ni da ban taɓa barin wanki ya wuce lokacinsa ba, ranar ko ta kansa ban bi ba.

Na kira yaran. Mai-Aya ne ya fara isowa. Yana shigowa na ce, "Je ka bayan gida ka zubar mini da ruwan da ke cikin kwanoni da bokitai, sauro na taruwa." Ya ce to. Ya ja kujera ya zauna kusa da ubansa, ya buɗe Zabura yana karanta masa. Uban ko juyowa bai yi ba.

Wajen tsakar rana Auta ta iso, da tef ɗin awo a wuyanta, ko cirewa ba ta tsaya yi ba. Ta durƙusa a bakin gado.

"Baba, ni ce. Me ya faru?"

Ya juyo. Ya nuna bakinsa, ya nuna ƙirjinsa, ya dunƙule hannu, ya buɗe shi wayam. Sannan ya nuna taga.

"Tun jiya haka yake yi mini," na ce. "Na ba shi ruwa, na shafa masa man zafi, na buɗe tagar, na rufe."

Auta ta dubi hannun. "Mama, jiya Fada ya zo?"

"Ya zo."

"Baba, ka haɗiye?"

"A'a."

"Tari ya dawo da shi? A tawul?"

"To," in ji shi, sai ya fashe da kuka.

Auta ta ɗora hannu biyu a ka. "Wayyo Yesu! Mama, ina tawul ɗin? Jikin Kristi ne a ciki! Shi ya sa ya riƙe, yana jiran Fada ya dawo. Kin wanke kin zuba a kwata?"

Kafin in tattaro magana, Mai-Aya ya rufe Littafinsa.

"Ke Auta, kar ki ɗaga wa Mama hankali. Baba, ka yi haƙuri, gurasa ce fa. Garin alkama da ruwa. Yesu yana dama da Uba, ba ya cikin tawul, ba ya cikin kwata."

"Yaya, da bakinsa ya ce jikinsa ne."

"Ya kuma ce shi ƙofa ne. Kin taɓa durƙusa wa ƙofa?"

"Kai wa ya ba ka ikon fassarawa? Kai da ka buɗe Littafi jiya? Coci ta fi shekara dubu tana koyar da wannan kafin a haifi wanda ya kafa taku."

"Daɗewa ba gaskiya ba ce. Nuna mini inda aka rubuta mutum ya kashe kansa da yunwa saboda ɓarɓashin gurasa."

"Littafin ma wa ya tara maka shi? Daga sama ya faɗo da bango da lambar shafi? Bitrus aka ba mabuɗai, ba kai ba."

"Bitrus ɗin da Bulus ya tsawata wa a gaban jama'a?"

Suna yi a kan gadon mutum, wannan ta wannan gefe, wancan ta wancan, uban yana tsakiya yana kallon rufi. Ni a zuciyata, in gaskiya za a faɗa, ina bayan Mai-Aya. Abin da na yarda da shi ke nan tun ina yarinya. Amma ba ni ce na ƙi cin abinci ba. Na tuna yadda na ɓamɓare yatsun nan ɗaya ɗaya, yana barci, yana gadin abin da ya fi masa komai a duniya da hannu ɗayan da ya rage masa. Sai kuma na tuna aiken da na yi wa Mai-Aya da safe.

Na buga tebur da tafin hannu. "Ku rufe mini baki! Kai, ruwan da na ce ka zubar, ka zubar?"

Mai-Aya ya sosa ƙeya. "Mama, yanzu nake shirin..."

"Ka zubar ko ba ka zubar ba?"

"Na manta."

"Allah ya yi wa mantuwarka albarka."

Rabon da in yi gudu tun ina goyon Auta. Na tarar da kwanon yana nan ƙarƙashin famfo, tawul kwance a ciki, ruwan ya ɗan yi fari kaɗan. Na ɗauko shi da hannu biyu, ina takawa kamar mai ɗauke da ƙwai, har bakin gado.

"Kafinta, duba. Ga tawul ɗinka. Ruwan da ka ji jiya na zannuwa ne. Wannan ko ɗigo bai zuba ba."

Ya daɗe yana kallon cikin kwanon. Ya miƙo hannu ya taɓa bakin kwanon da yatsa biyu, ya yi alamar gicciye a karkace. Numfashinsa ya sauka. Na ce to madalla, na ajiye kwanon, na rarumo shayi. Ya sake datse baki, ya nuna kwanon.

"Sai Fada ya zo, Mama," in ji Auta.

Ta kira shi a waya. Ya ce kar a taɓa komai, yana zuwa in ya sallami masu jiransa. Na ɗora kwanon a tebur kan farin ƙyallen nan, na kife masa faranti saboda ƙuda. Auta ta ɗauko kyandir ta kunna ta durƙusa. Mai-Aya ya miƙe tsaye.

"Mama, kina gani? Yanzu kwanon wanki ake yi wa sujada a gidan nan? Ke ma kin yarda?"

"Ka ga na durƙusa?"

"Amma kin rufe shi da faranti."

"Abincin ubanka ma ina rufewa. Zauna."

Bai zauna ba, ya fita tsakar gida yana kai da kawowa. Ni kuma ban durƙusa ba, ban kuma bar ɗakin ba. Na zauna a bakin gado ina riƙe da shanyayyen hannun Kafinta, na yi addu'a irin tamu, a zuci. Na ce Ubangiji, kai ka san abin da ke cikin kwanon nan, ni ban isa in yi maka gardama ba, shi ma bai isa ba. Ni dai ka sa bawanka ya ci abinci.

Rana ta karkata kafin Fada ya iso, yana haki. Ya ɗaga faranti ya duba, ya rusuna.

"Mama, kun sa sabulu?"

"Ban sa ba, Fada. Farin kaya ba a fara shi da sabulu."

Ya yi murmushi. "To ai mu ma haka muke yi. A jiƙa a ruwa zalla har ya narke, sannan a zuba ruwan a ƙasa mai tsabta inda ƙafa ba ta takawa. Kun yi mini rabin aikin."

"Fada, gara in gaya muku gaskiya, ban yi don na yarda ba. Ban ma sani ba. Ni har gobe tunawa ce a wurina."

"Na sani, Mama. Shekara nawa ina shan shayinku?"

Mai-Aya yana tsaye a bakin ƙofa, ya harɗe hannuwa. Ya gaishe da Fada da ladabi, don dai na yi masa tarbiyya, amma bai iya haɗiye abin ba.

"Fada, ku gafarce ni. Wannan zubawa a ƙasa, ina aka rubuta?"

"Ba a rubuta ba, ɗana. Coci ce ta koya mana."

"To ai nan ne matsalata."

"Na san nan ne. Ni kuma nan ne hutawata. Ba za mu gama ta yau ba, mutum yana jin yunwa. Akwai abin haƙa a gidan nan? Hannuna ba ya iya riƙe shebur."

Auta ta yunƙura za ta tashi. Sai Kafinta ya ɗaga hannu ya nuna ɗansa, ya nuna bishiyar lemo ta taga. Bai roƙe shi da ido ba, nunawa kawai ya yi, yadda ya saba nuna masa katako ya ce ɗauko.

Mai-Aya ya tsaya har na fara jin haushi. Sannan ya cire agogonsa ya ajiye a kan kanta kusa da littattafan nan biyu, ya naɗe hannun riga. Da ya zo wucewa ta gabana ya ce ƙasa-ƙasa, "Ba don Paparoma zan haƙa ba fa, Mama."

"Wa ya tambaye ka? Yi nesa da saiwa, kar ka kashe masa bishiya."

Ni da Auta muka ɗora Kafinta a kekensa na marasa lafiya muka tura shi bayan gida. Mai-Aya ya haƙa rami tsakanin bishiyar da katanga, inda ko kaza ba ta bi. Ya haƙa ya wuce yadda ake bukata, ya sa hannu ya tsince 'yan duwatsu da wata tsohuwar ƙusa, ya daidaita gefen. Ɗan kafinta ne, ba ya iya yin aiki a karkace ko yana fushi.

Fada ya ɗauki kwanon, sai ruwan ya fara tangaɗi saboda rawar hannunsa. Ban san lokacin da na tallabe gindin kwanon ba. Ya dube ni, na dube shi. Muka sunkuya tare, ya karkata, ruwan ya bi a hankali, ƙasa ta shanye. Ya sa aka ƙaro ruwa ya ɗauraye tawul ɗin, ya matse, ya sake zubawa a ramin. Auta tana waƙarsu a hankali. Mai-Aya bai yi waƙa ba, bai kuma tafi ba. Da aka gama ya mayar da ƙasa ya lallaɓa ta da bayan shebur.

Fada ya miƙo mini tawul ɗin. "Yanzu kam naku ne, Mama. Ku sa masa sabulu son ranku. Mako mai zuwa kuma ba zan tashi ba sai na ga ya haɗiye. Laifina ne da na yi sauri."

Ban tsaya raka shi ba, yara suka yi. Na ɗumama romon, na jawo kujera gaban keken, nan ƙarƙashin lemon. Na ɗebo cokali na hura. Kafinta yana ta kallona, bakinsa na motsi, yana kokawa da wani abu. Na ɗauka tari ne, har na kai hannu ga sabon tawul.

"'Yar..." ya ce. Ya huta. "Ta...waye."

Tun da ya kwanta ban ji kalma daga bakinsa ba sai to da a'a. Cokalin ya karkace a hannuna, romo ya ɗiga a farar rigarsa da na goge da safe. Na ga tabon, na bar shi.

"Na ji, ɗan Paparoma. Buɗe baki, yana hucewa."

Ya buɗe. Na jira har na ga maƙogwaronsa ya motsa, sannan na ɗebo na biyu. Na ɗaga murya na ce wa Auta ta kawo maganin babanta da ruwa a kofi.